Irin Hatsin Baba a Bakin Teku

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da hutun da muka yi a bakin teku ba, ni da Baba da Inna, a shekarar da fari ya ƙone gonaki, zamanin mulkin soja. In mutane suka ji na ce na taɓa zama a gidan hutu kusa da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sai su ce, "Kai, kin more!" Ni kuwa da na tuna sai haushi ya taso mini. Yau ga furfura a kaina, ga jikoki, amma wallahi haushin nan yana nan ɗanye.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba a wata lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Ina zaune a unguwar Zariya wajen gwaggona, iyayena kuwa suna ƙauyenmu, Jiratawa. Baba manomin tudu ne, bai samu fili a gonakin rani ba, sai abin da sama ta ba shi. A waccan shekara sama ba ta ba kowa komai ba. Hatsi, wato gero, ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mutane suka koma cin ƴaƴan anza masu ɗaci da ganyen tafasa. Ƴan arewa da dabbobinsu suka mutu suka cika bakin Sabon Gari da bukkoki. Ana layin jar dawar taimako tun safe, soja na tsaye, ba mai ɗaga murya, don a lokacin ko tari ka yi sai ka waiga.

Abu ɗaya ya rage wa Baba, shi ne irinsa. Wajen mahaifinsa ya gaje shi. Duk kaka, kafin a sa wuƙa a gona, shi kaɗai zai bi kunya-kunya yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban. Gajeren hatsi ne mai saurin nuna, ruwa kaɗan ya ishe shi. Mutane har daga Tibiri suke zuwa roƙon tiya ɗaya, bai taɓa sayar wa kowa ba, kyauta yake bayarwa. A shekarar farin, wani ɗan kwari a gefen gona ne kawai ya ba shi ƴan zangarku. Inna ta rame har zane na kwance mata, amma ko kallon inda irin yake ba ta yi. Kowa a gidan ya san in aka ci shi, an ci baɗi.

Sai ga saƙon Yaya ta bakin wani direban kamyo, babbar motar kaya. Yaya shi ne ɗan fari. Ya yi karatu, ya samu aiki a Kwatano a wani kamfani mai fito wa ƴan kasuwar Maraɗi da kaya daga jirgi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yakan aiko da shinkafa in ya samu mota. Saƙon ya ce kamfani ya ba shi gidan hutu na iyali a bakin ruwa, in an tashi lakwal hutun ƙarshen shekara in kawo tsofaffi su huta, su ga jikokinsu, su ci su ƙoshi. Baba ya so ya ƙi. Da ya dubi Inna, ya ga yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito, sai ya ce to.

Ana gobe za mu tashi na tarar da shi a bayan ɗaki ya sussuke irin nan, ya gauraya shi da toka saboda ƙwari, yana ɗinke bakin wani ɗan taiki. Na ce, "Baba, da wannan za mu yi doguwar tafiya? Ku bar wa Baba Ƙarami ajiya mana." Ƙaninsa ke nan, wanda zai zauna a gidan da iyalinsa. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, mutum yana jin ɗiyansa na kukan yunwa, in ba shi amanar hatsi? Wanga zalunci ne. In ya ci ban ga laifinai ba, in bai ci ba na azabtar da shi. Inda ƙafata ta tafi, nan zai tafi."

Iyakar Najeriya a rufe take a lokacin, don haka ta Doso da Gaya muka bi. Shinge kam mun sha shi. A Gaya wani jandarma ya ga taikin ya ɗaure fuska, don an hana fita da hatsi. Ya sa aka farke baki, ya zura hannu, ya fito da shi fari fat da toka. Ya dubi Baba ya ce, "Iri ne, tsoho?" Baba ya ce iri ne, kuma da shi zai komo. Jandarman ya kakkaɓe hannunsa a cikin taikin don kada ƙwaya ta faɗi ƙasa, ya ce mu wuce. Daga nan mota, daga mota jirgin ƙasa, Baba na rungume da kayansa har muka isa.

Gidan kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Ɗan madaidaici ne mai farin fenti da jan rufi, ga baranda tana fuskantar ruwa, ga itatuwan kwakwa kewaye, yashi har bakin ƙofa. Daga barandar kana hango manyan jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha. Matar Yaya, haihuwar Yamai ce, ba ta taɓa riƙe hauya ba amma tana da kirki, ta durƙusa har ƙasa ta gaida su. Jikoki suka maƙale wa Inna. Na ga fuskar tsohuwar nan ta sake, na ce a raina ashe tafiyar ta yi rana.

A nan sai na yi bayanin wani abu, don yaran yanzu ba su san shi ba. A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Baba da Inna ba su taɓa kiran sunan Yaya ba, sai dai "yaron nan". Ba su zama su yi hira da shi, ba su yi masa faɗa, ba su yaba shi a gabansa. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi. Saboda haka da aka shigar da kaya, Baba ya tura taikinsa ƙarƙashin gado ya ce mini, "Ki gaya ma yaron nan ko mi ne ne, kada yara su taɓa." Na je na samu Yaya a baranda yana gyara rediyo, na gaya masa dalla-dalla. Na ce iri ne, shi kaɗai ya rage, ba tsaraba ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan! Ya ɗauko hatsi tun daga Jiratawa zuwa inda hatsin duniya ke sauka. To, na ji." Da kunnena na ji ya ce ya ji.

Kwanakin farko mun sha kallo. Ranar da Baba ya fara tsayawa gaban teku ya ƙura wa ruwan ido. Can ya tattare riga, ya sunkuya, ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki. Ya tofar ya ce, "Subhanallahi! Ruwa har iyakar gani, ba na sha, ba na shuka." Inna kuwa ba ta yarda ta matsa ba, wai abin yana numfashi. Mun ga masunta suna jan koma suna waƙa, mun sha ruwan kwakwa, an kawo mana ƙaguwa Inna ta ce ita ba ta cin gizo-gizo ko da yunwa za ta kashe ta. Abin da ya fi damunta shi ne mai gadin gidan da ke sakin tiyo a kan ciyawa ya tafi harkarsa. Sai ta lallaɓa ta rufe pampo, shi kuma ya dawo ya buɗe. Haka suka yi ta yi, ba mai jin yaren wani.

Yaya ya kai mu tashar jiragen ruwa ma. Ya sa rigarsa mai guga, yana gaisawa da wannan, yana ɗaga wa wancan hannu, yana nuna mana ƙugiyoyin ƙarfe masu ɗaga buhuna sama kamar ba nauyi. Buhunan masara da dawa tsibi-tsibi suna jiran motocin arewa. Ya ce da ni, don Baba ya ji, "Kin gani? Zamanin dogaro da ƴar gona ya wuce." Baba yana kallon ƙwayoyin da suka zube ana takawa.

Ran nan Yaya ya ce ya shirya mana yawo, direbansa zai kai mu wani ƙauye da aka gina a kan ruwa, inda har kasuwa a cikin kwalekwale ake ci. Shi ba zai je ba, yana da baƙi da la'asar, patoronsa, wato shugabansa na kamfani, da abokan aiki za su zo shan iska. Muka tafi tun da hantsi da jikoki. Inna ta ƙanƙame gefen kwalekwale tana ta salati, Baba har dariya ya yi, abin da na daɗe ban gani ba.

Da la'asar muka dawo muka tarar an jera kujeru a ƙarƙashin kwakwa. Motoci a ƙofa, kiɗa na tashi, baƙi sun kai goma sha, da baƙaƙe da Turawa. Kowa riƙe da ƴar sabuwar ƙwarya da ludayi. A tsakiya ga wata babbar ƙwarya cike da fura, an dama ta da madara, ƙanƙara na yawo a ciki. Yaya yana tsaye yana yi musu bayani da Faransanci, wai wannan shi ne abincin ƙasarsu na asali, daga gonar mahaifinsa. Patoron, wani mai jan wuya, yana lasar baki yana gyaɗa kai. Ni dai da na ji kalmar gona sai taikin Baba ya faɗo mini a rai, amma na ce a raina haba, ba zai yiwu ba.

Matar Yaya ta taho da fara'arta, ta durƙusa ta miƙa wa Baba ƙwarya. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa kaɗan, ya juya ta a baki, ya ce, "Ɗiyata, ina kuka samu hatsi haka a garin ga?" Ta ce, "Ai tsarabarku ce, Baba. Ta sha wanki kam, toka ta yi mata yawa, amma kun ji daɗinta."

Baba ya ajiye ƙwaryar a hankali a kan yashi. Ya tashi ya zaga bayan gida, na bi shi. Ga taikin nan an wanke shi an shanya a kan igiya, baki a buɗe, ruwa na ɗiga. Ga turmi, ga dusa a faifai. Baba ya kama taikin ya leƙa ciki, kamar mai tsammanin wani abu ya maƙale. Bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya durƙusa a gindin turmin, tsoho mai furfura, ya fara tsintar ƙwayoyin da suka faɗi cikin yashi ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannu.

Daga nan idona ya rufe. Ban san lokacin da na isa tsakiyar baƙin nan ba. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi Yaya ba, na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, ban gaya maka ba? Ban gaya maka iri ne ba?" Ya yi murmushin yaƙe, ya kama hannuna yana ja gefe, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ke, rufa mini asiri, baƙi ne." Na fizge na ce, "Asirin wa ka rufa? Inna ta ci anza ta bar hatsin nan! Baba Ƙarami da ƴaƴansa suna kwana da yunwa ba a ba su ba! Jandarman da bai san mu ba ya ga toka ya gane, kai da aka haifa a gindin rumbu ba ka gane ba?"

Ya ce, "Haba, hatsi ne fa! Tiya nawa ce duka? Na nema a kasuwa ban samu mai kyau ba, ga baƙi na riga na yi musu alkawari. Gobe in saya masa buhu goma." Wallahi da ya ce mantawa ya yi, da na fi samun sauƙi. Ashe yana sane. Daga baya matarsa ta gaya mini tana kuka, cewa matan Zango, unguwar Hausawa, da aka ɗauko don daka sun ga tokar sun tsaya, ɗaya ta ce wannan kamar iri ne, a tambayi mai shi. Aka tambayi Yaya. Ya ce su wanke su surfa, shi zai yi wa tsoho bayani.

Na juya wajen baƙin na gaya musu da Faransancin da suke ji, na ce abin da kuke sha ɗin nan shukar baɗi ce ta mutanen da ba su girbe komai bana ba. Wata mata ta ajiye ƙwaryarta. Patoron ya ciro walat yana tambaya nawa ne, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Inna ce ta zo ta ja ni ɗaki. Ina kuka ina cewa ta fita ta yi masa magana ko sau ɗaya a rayuwarta, ta ce, "Ni in buɗe baki ga yaron nan? Ki yi haƙuri. Hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yas." Ranar na tsani kunyar ɗan fari kamar in mutu. An yi wa mutum ɓarnar da ta fi ƙarfinsa, kuma al'ada ta ɗaure masa baki.

Abin da Baba ya tsinta bai cika tafin hannu ba. Ya ƙulle shi a gefen rawaninsa. Amma ƙwayoyin sun riga sun sha ruwan wanki, ga iskar bakin teku mai laima da ko wanki ba ya bushewa. Kafin mu sauka daga jirgin ƙasa a hanyar dawowa ya kwance ƙullin, ya tarar sun yi funfuna baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan ya kakkaɓe ta taga.

Yaya ya cika alkawari, ba zan yi masa ƙarya ba. Buhuna suka biyo mu a kamyo, har da hatsin da ya sa aka sayo a wata kasuwa ta kudu, wai iri mai kyau. Buhunan abinci sun taimaka, an kai ga damina da rai. Amma Baba ya murza na shukar a hannu ya ce, "Wanga bai san ƙasarmu ba." Ya fita neman iri. Waɗanda ya saba ba kyauta duk sun cinye nasu, wasu har kauce masa suke don kunya. Na ga Baba da idona a layin rabon iri, rana na dukansa, wani ɗan soja sa'an ƴaƴansa yana daka masa tsawa ya gyara tsayuwa. Ɗan abin da aka ba shi ko kusurwar gona bai rufe ba. Sauran filin, ba yadda zai yi, ya zuba na Yaya.

Abin haushi, daminar nan ta yi kyau. Ruwa ya sauka kamar ba a taɓa fari ba. Hatsin kudun nan ya tashi kore shar, ya wuce kan mutum, ya wuce na kowa. Maƙwabta nasu ya yi kai, ya yi ido, ya nuna. Na Baba yana ta tsawo yana jiran ruwan wata biyu da ƙasarmu ba ta da shi. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Ana ta ɗaurin dami a ko'ina, gonar Baba kuwa kara ne zalla, ba zangarniya ko ta rantsuwa.

A cikin kwanakin nan Yaya ya zo gida da motarsa. Ya ce a kai shi ya ga gona, muka tafi mu uku. Ya tsaya a bakin kunya da takalminsa mai sheƙi, ya ɗaga kai yana kallon karan nan, fuskarsa cike da murna. Ya juyo gare ni ya ce, "Masha Allah! To, mai bakin tsiya, kin gani? Duk yankin nan akwai gonar da ta kai wannan? Da kin bar ni da abin kunya a gaban mutane a kan banza."

Na dubi Baba. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, idonsa a ƙasa. Tunda nake ban taɓa jin ya amsa wa Yaya kai tsaye ba sai ranar. Ya ce, "Ta yi tsawo." Ya juya ya kama hanyar gida. Yaya ya ɗauka yabo ne, har ya koma Kwatano yana ba da labari.

Baba ya ci gaba da noma har ƙarfinsa ya ƙare, da irin da ya samu nan da can, amma ban sake ganin ya shiga gona zaɓen zangarniya ba. Ni da Yaya mun shirya, jini ba ya ƙarya, sai dai har yau in ya ce "ai don in kyautata musu na yi," sai in tashi in bar masa wurin. Abin da na koya a gidan hutun nan shi ne, ba maƙiyi kaɗai ke ɓarna ba. Naka ma yana yi, ranar da ya ga ya fi ƙarfin ya saurare ka. In mai abu ya ce kada a taɓa, ko ƙulli ne a tsumma, ko kana da abin sayen dubunsa, ka janye hannunka. Ba ka san abin da ya haƙura da shi ba kafin ya ajiye.